Kaset ɗin da na aika gida daga Abijan

Assalamu alaikum Edita, tare da sauran masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina kaɗa kai, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa, ko wani ya tsinci abin amfani a ciki. Yanzu ni tsoho ne, gemu ya yi fari fat, amma lokacin da abin ya faru saurayi ne ni, ɗan wani ƙauye a karkarar Hawandawaki cikin ƙasar Tasawa. Na yi lakwal har na gama firamare, kuma a garinmu a wancan zamani wannan ya isa mutum ya ɗauki kansa wani abu. Ina karanta Faransanci, ga baki, ba a taɓa kayar da ni a gardama ba, ko da kuwa ba ni da gaskiya. Mahaifiyata takan ce ni ko da bango aka bar ni sai mun yi musu. Mahaifinmu ya rasu tun muna ƙanana, saboda haka yayana ne uba a gidan, mutum mai shiru-shiru wanda zai yini a gona bai ce uffan ba.

A shekarar da fari ya sake dawowa soja ne ke riƙe da ƙasa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, rumbunmu har ɓera ya daina leƙawa. Yayana ya ja ni bayan gida ya ce baki ya yi wa tukunya yawa, dole ɗayanmu ya fita, shi kuwa ba ya iya barin tsohuwa da matarsa da yara. Aka sayar da akuyar da ta rage aka yi mini guzuri. Na hau kamyo, wato babbar motar kaya, zuwa Maraɗi, daga can na yi ta sauya mota har Abijan, can Kurmi, kamar yadda muke kiran ƙasashen bakin teku.

Wanda bai taɓa zama a ƙasar wasu ba yana tsammani aiki ne wahalar. Aiki kam na samu, ina soya kifi a rumfar wani mutumin Mayahi mai sayar da acake, wato garin rogon nan da suke turarawa. Ɗakinmu kuwa cike yake, masu gadi su kwanta da rana a kan tabarmar masu aikin rana, har tabarma ba ta taɓa hucewa. Na koyi naɗe takarduna a leda in ɗaure a ƙugu, domin ko ruwa ko ɗan sanda, ɗayansu na iya tare ka a hanya. Na koyi Julanci, yaren ciniki na can, na koyi ce wa mai gidan haya to ko da ya zage ni. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwan sama. Sai ya yini yana zuba a kan kwalta, ya bi lambatu ya tafi teku a banza, mutanen gari suna tsaki wai ya hana su fita. Ni kuwa in tsaya a bakin rumfa ina kallo, ina tuna gonarmu, in ji kamar in yi kuka. Ga mutane ko'ina, amma ba wanda ya san sunan mahaifina.

Ranar Lahadi da la'asar ne kawai nake jin ni mutum ne. Mutanenmu kan taru a wata rumfa bayan masallaci, a kunna radiyo a kamo tashoshin waje masu Hausa, a dafa shayi, sai a shiga zancen gida. Wasu su ce sojan nan ko ba komai ya tsorata ɓarayin gwamnati, kuma da ba don shi ba da yunwar ta fi haka. Wasu su ce hatsin taimako a gidajen manya yake ƙarewa, talaka sai ɓarɓashi. Da yake ni ke karanta musu jarida in juya ta da Hausa, sai na zama sarkin rumfar, har suna ce mini gidan radiyo. In na fara kwaikwayon muryar manya sai a yi ta dariya har da riƙe ciki. Wani dattijo mai sayar da goro, wanda ya tsufa a can, ya taɓa ce mini in lura, waɗanda suka daɗe a Kurmi ba sa wuce zancen damina da farashin kaya. Na ce masa tsoro ne ke damun su, ai nan ba hannun kowa ke kaiwa ba. Ya dube ni kawai ya ci gaba da yayyafa wa goronsa ruwa.

A wancan zamani ba waya. Yawancin mutanenmu kuma ba su karatu, saboda haka da kaset ake gaisawa. In wani zai tafi gida sai kowa ya sayi kaset ya ɗauki muryarsa ya ba shi, in zai dawo ya zo da amsa. Ba zan iya kwatanta muku yadda nake jiran amsar nan ba. Mahaifiyata takan yi wa radiyon magana kamar ina zaune a ciki, ta tambaye ni gajiya, ta yi shiru tana jiran in amsa, sannan ta ci gaba. A bayanta ina jin kukan zakara da ƙarar taɓarya. Nakan saurara har zaren ya fara ja, in riƙa juya shi da alƙalami don kada pil, wato batir, ya ƙare.

Wata rana kaset ya zo, yayana ya ce a ciki an kawo musu hatsin taimako, gidanmu ya sami ƴan tiyoyi, alhamdu lillahi. Wannan godiyar ce ta ƙona mini rai. Gida mai baki da yawa, a ba su abin da bai kai mako ba, kuma su yi godiya. Da na zo ɗaukar amsa na cika fuska ta farko da gaisuwa, gida-gida, kamar yadda aka saba. Fuska ta biyu ta rage babu komai, abokan ɗaki suka ce asara ce a aika kaset rabi, in cika musu da labarin duniya. Ni kuwa dama ƙiris nake jira. Na faɗi duk abin da muke faɗa a rumfa, na ƙara da nawa. Na ce soja sun ci amanar talaka, na ce masu rabon hatsi ɓarayi ne tun daga birni har ƙofar gidan mai gari, na kwaikwayi muryar shugaban ƙasa, ana jin dariyar abokaina a ciki. A ƙarshe na kira sunan yayana na ce ya daina godiya, ya tashi ya nemi haƙƙinsa.

Abin da ya sa har yau ba na yi wa kaina uzuri shi ne na san yadda ake sauraren kaset a garinmu. Radiyo mai kaset guda ɗaya ce, ta mai shagon bakin masallaci. Kuma kaset ɗin Kurmi ba a jin sa a ɗaki. A fili ake kunna shi bayan la'asar, kowa ya zo ya karɓi gaisuwarsa da kunnensa, wanda ya ɓoye nasa ma sai a ce abin arziki aka aiko masa yana rowa. Ni kaina na sha zama a wannan fili kafin in bar gida. Amma a ranar ban ga filin ba, abokan da ke tafa mini kawai na gani. Daga baya aka ba ni labari cewa da fuska ta farko ta ƙare mai shagon ne da kansa ya juya, tsohuwa tana zaune a gaba tana murmushi. Kafin yayana ya ratsa mutane ya kai hannu, an riga an ji abin da za a ji. Magana zarar bunu ce.

Ni ban san komai ba. Na yi ta jira, mai saƙo ya dawo ya raba wa kowa nasa, ni ya ce babu. Ya riƙa kauce mini har sai da na tare shi a tasha. Ya ja ni gefe ya ce masu kaki sun zo da mota sun ɗauki kaset ɗin, sun ɗauki yayana, suna tambayarsa su wa ke tura ƙaninsa, da kuma abin da aka ce ya tashi ya yi. Mutumin da bai san ko harafi ɗaya ba. Sun riƙe shi har ruwan shuka ya sauka ya wuce. Kuma a shekarar ne Allah ya kawo damina mai albarka, wadda aka yi shekaru ana roƙo. Maƙwabta sun ji tsoron a gan su a gonarmu, ba wanda ya kira gayya. Tsohuwa da matar yayana ne suka shuka ɗan abin da suka iya, ita tsohuwar tana dogara sanda tana rufe rami da ƙafa. Da kaka ta yi kowa ya cika rumbu, gidanmu kuwa aka sake shiga wata shekarar yunwa, wadda ni na aiko musu da ita.

Daga nan zamana ya zama wani iri. Labari ya bazu a cikin mutanenmu. Waɗanda suka yi dariya a kaset ɗin suka shiga tsoro, ɗaya bayan ɗaya suka bar ɗakin. In na doso rumfar Lahadi sai zance ya koma kan farashin albasa, har na daina zuwa. Ba mai tafiya gida da ya yarda ya ɗauki kaset ɗina, ko da na rantse gaisuwa ce zalla, kuma ban ga laifinsu ba. Aka ce mini sunana na kan iyaka, in na koma za a kama ni. Ko gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba har yau, na dai ji tsoro, ni da nake ce wa dattijo matsoraci. Nakan aika atamfa da sabulu ta hannun masu tausayi, a ce mini an karɓa, shi ke nan. Salla ta zo ta wuce, in sa sabuwar riga in zauna a rumfar kifi ni kaɗai. Akwai ranakun da ban yi Hausa da kowa ba sai da kaina.

Rasuwar mahaifiyata a kasuwa na ji ta. Wani mutumin Bawdeta ya gan ni ya riƙe hannuna yana yi mini gaisuwa, yana cewa Allah ya ba mu haƙuri, a zatonsa na sani. Ashe har an yi sadakar arba'in. Na amsa masa da amin, na koma na ci gaba da juya kifi a mai, saboda ban san inda zan je in yi kuka ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yini ba.

Sai da mulki ya sauya, abubuwa suka lafa, sannan na koma gida. Na shirya kalmomin neman gafara tun daga mota. Yayana ya tarbe ni a ƙofa, ya ba ni ruwa, ya sa aka yanka mini kaza. Ya rame, ya tsufa fiye da shekarunsa. Da na fara magana sai ya ce abin da ya wuce ya wuce, haka Allah ya rubuta, ya tambaye ni ko hanya ta yi kyau. Da ya zage ni ko ya mare ni da na fi samun sauƙi. Matarsa ce daga baya ta gaya mini tsohuwa ba ta taɓa faɗin mugun abu a kaina ba, duk wanda ya dawo daga Kurmi sai ta aika a tambayo mata ko ina cin abinci.

Ba na cewa duk abin da na faɗa a kaset ɗin ƙarya ne, kuma ba na cewa a ga zalunci a yi shiru. Abin da na koya shi ne ni na yi maganar, amma bayan wani ne ya ɗauki bulalar. Mai nesa yana ganin al'amuran gida sarai, ko yana tsammani haka, domin ba shi zai kwana a garin ba. Yanzu ina ganin yaranmu da ke waje suna ta aiko saƙon murya ta waya, cikin ɗan lokaci ya zaga gari, suna kiran sunayen mutane, suna gaya wa na gida abin da ya kamata su yi. Ina roƙonku, ƴaƴana, kafin ka aika ka tuna wa zai ji, a gaban wa za a kunna, kuma ƙofar wa za a ƙwanƙwasa. In za ka faɗi gaskiya ka faɗe ta da sunanka kai kaɗai, a inda kai za a tambaya. Kada ka sa ta cikin gaisuwar uwarka.

Ni da yayana muna nan da rai, gida ɗaya, mun tsufa tare. Bai taɓa tayar mini da zancen ba, ya aurar mini da ɗiya, muna cin tuwo a kwano ɗaya. Amma har gobe, in muna zaune cikin mutane na gyara murya zan yi magana, sai in ga ya juya yana duban hanya. Ba na jin ya san ma yana yi.