Ɗan La'asar a Ƙofar Ɗakin Iya

Ranar Litinin ɗin da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, a 1979, maza duk suna zaure sun kewaye rediyo, ni kuwa ina gindin badala wajen Ƙofar Na'isa ina tonon saiwar wani fure da guntuwar wuƙa. Ba furen ƙasarmu ba ne. An ce daga lambunan Turawa ya tsere, ya bi shara ya bazu a juji da bakin kududdufi. Ɗan la'asar muke ce masa, domin wuni yake a rufe, sai rana ta karkata ya buɗe, ja da ruwan ɗorawa. Ƙawayena murtsuke shi suke su shafa a leɓe, amma ni ba kwalliya ta kai ni ba.

Kakata Iya ta kurumce a shekarar, ba ta jin kiran salla. Azahar kan zo ana cikin gida, amma da la'asar kowa ya kama gabansa, mu ma mun tafi makarantar allo. Ta yi ta tambayar lokaci har aka fara ƙosawa, ita kuwa ba ta ɗaukar raini, sai ta daina. Ran da na dawo na tarar tana ramuwar salla tana hawaye, raina ya ɓaci ƙwarai.

Dashen farko akuyarmu ta tattake shi. Na biyu Baffa Sule, ƙanen mahaifina, ya tuge, wai ciyawar juji ce mai tara sauro. Na koma badala na tono wani, na sa a fasasshiyar tukunya a ƙofar ɗakinta, na kewaye da ƙaya. Damina ta wuce, don haka da ruwan alwalarta na raine shi.

Da Baffa ya gani ya miƙa hannu yana cewa fure ba ladan ba ne. Iya ba ta ji ba, amma ta ga hannun. “Bar shi, Sule,” ta ce. “Shi bai taɓa gajiya da ni ba.” Baffa ya sunkuyar da kai ya fice.

Yanzu an yashe badalar wajen an yi gine-gine, furen ma sai an dace ake ganinsa, kuma waya ke tuna mana lokaci a aljihu. Ina kewar tsakar gidan nan. Har Iya ta koma ga Allah, la'asar ba ta sake wuce ta ba, kuma ba ta sake tambayar kowa ba.