Ranar da Lamont Pettiway Ya Saki Ɗansa

Shekara goma sha tara muna wannan wasan a gidan abincina da ke Youngstown, mu goma sha biyu, kuma ni Berdine ni ce mai riƙe da doka. Don haka kada wani ya zo yana ba ni labarin Lamont Pettiway. A gabana aka yi komai.

Wasan dai kun san shi. Kowa ya zaɓi 'yan ƙwallon Amurka na gaske guda tara ya haɗa ƙungiyarsa a waya, ranar Lahadi duk abin da suka yi a fili a mayar masa da shi maki. A wasu wurare ana barin mutum ya ajiye 'yan wasa a gefe. A namu babu gefe: tara ka riƙe, tara za su yi maka aiki, in kana son sabo sai ka saki ɗaya. Wanda kuma ya zo na ƙarshe a kaka ya bar kujerarsa har abada, na gaba a layi ya hau. Ni na rubuta dokokin nan da hannuna lokacin ina da zafin kai, kuma wallahi yau ina da na sani.

Lamont bakanike ne, shekara talatin yana kwance ƙarƙashin motocin 'yan makaranta. Tun da matarsa Odessa ta rasu ba ya zuwa ko'ina sai wurina. Ranar Lahadi zai zo da rigarsa a goge, ya zauna kusa da taga, ya ci fukafukan kaza shida, a tsokane shi ya yi murmushi. Wannan kujerar ita ce iyakar mutanen da suka rage masa.

Ɗansa ɗaya, Cordell, kuma yaron ya kai inda kowane yaron garin nan yake mafarki, yana cikin manyan ƙungiyoyi a matsayin mai gudu da ƙwallo. Sai dai ɗan benci ne. A gabansa akwai wani ƙato da ba ya gajiya, ba ya ciwo, ko mura ba ta kama shi. Shekara huɗu Cordell yana tsaye a bakin fili da hular kwano a hannu. Irinsa ba shi da daraja a wasanmu sai ranar da gwiwar na gabansa ta tashi aiki, kowa ya san haka. Amma Lamont kowace kaka shi yake fara ɗauka, kuma kowane mako maki ɗaya ne, ko rabi, ko sifili.

Gus Wozniak, wanzamin layinmu, shi ya fi kowa ja masa rai. Yakan ce, "Tsoho, ka je coci ka roƙa wa ƙaton nan ɗan targaɗe mana. Ba karaya ba, targaɗe kawai."

Lamont ya ce, "Shi ma ɗan wani ne, Gus."

"To ka ci gaba da wasa da mutum takwas, mu muna so."

Shekara uku yana tsallake na ƙarshe da ƙyar. A ta huɗu aka zo makon ƙarshe shi da Gus ne a ƙasan teburi, kuma su biyu za su kara. Wanda ya faɗi ya tafi.

Ranar Talata da rana na same shi a garejinsa. Ban yi masa da daɗi ba. Na ce, "Lamont, kai fa ba yaro ba ne. Akwai wani mai gudu da babu wanda ya ɗauka, yana kawo maki shida ko bakwai. Ka saki Cordell na mako ɗaya tak. Ina zai sani? Waya ce fa, ba kotu ba."

Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Ya ce, "In na bar wurinki, Berdine, ina zan je ranar Lahadi?"

Na ce, "Shi nake gaya maka."

Ya miƙo min wayar ya ce in danna masa, shi ba zai iya ba. Ni kuwa na danna.

Washegari Gus ya ɗauki Cordell. Nasa mai gudun ya ji ciwo, babu wani na kirki da ya rage, ga kuma son tsokana. Ya ce ba zai bar yaron unguwa ya kwana a titi ba. Aka yi dariya, har da ni.

Ranar Lahadi ƙarfe ɗaya aka take wasa. Ba a kai hutun rabin lokaci ba ƙaton nan ya faɗi riƙe da gwiwa, aka fitar da shi a ƙaramar mota. Sai ga Cordell ya sa hularsa ya shigo. Karɓar farko ya ratsa mutum uku. Ta biyar ya zura da gudu tun daga tsakiyar fili har ya tsallake layin cin maki. Lamont ya miƙe tsaye, kujera ta kife a bayansa, yana ta kiran sunan Odessa, hawaye na bin fuskarsa. Ya manta. Mu duka mun manta, sai da wayar Gus ta yi ƙara a kan tebur.

Cordell ya ci sau biyu a ranar, maki ashirin da bakwai, duk a ƙungiyar Gus. Wanda na sa Lamont ya ɗauka ya kawo shida, daidai yadda na yi alkawari. Da haka Lamont ya faɗi, ya zo na ƙarshe. Gus bai yi tsokana ba, ya kifa wayarsa ya zuba wa faranti ido.

Wajen huɗu da rabi Cordell ya kira daga ɗakin canza kaya. Lamont ya saba buɗe muryar waya kowa ya ji, hannunsa ya yi hakan da kansa.

Cordell ya ce, "Baba, ka gani? Ashirin da bakwai, na sa an duba min. Shekara huɗu kana saka ni ana yi maka dariya. Yau dai na kawo maka."

Lamont ya ce, "Na gani, ɗana. Na ga komai."

"Kujerarka ta tsira ke nan. Ka ce wa Kawu Gus ya tattara aska ya yi gaba."

Lamont ya kalle ni. Sai ya koma kan wayar. Ya ce, "Zan gaya masa. Ka sa ƙanƙara a kafaɗar nan, na ga yadda ka faɗi."

Da ya kashe wayar Gus ya ce shi ne zai bar wasan, Lamont ya riƙe kujerarsa. Ni kuma na ce doka tawa ce, na yage ta yanzu. Lamont ya ɗaga kujerar da ta kife ya mayar da ita wurinta. Ya ce ba dokata ce ta kore shi ba, shi ne ba zai iya sake zama a kanta ba. Ya sa rigar sanyinsa ya fita.

Shekara biyu ke nan. Ƙaton ya warke, Cordell ya koma benci, yanzu ma a wata ƙungiya. Har yau bai san ubansa ya sake shi ba, kuma babu wanda zai gaya masa. Duk Lahadi bayan wasa yana kiran ubansa ya tambaye shi yana ina. Shi ya sa Lamont yake zuwa ƙarfe ɗaya ya ajiye motarsa a bakin ƙofata, ya kunna rediyo, ya zauna a ciki, don in ya ce "Ina wurin Berdine" kada ya zama ya yi wa yaron ƙarya ta biyu.

Na roƙe shi ya shigo, na zage shi, na yi kuka, duk a banza. Yanzu fukafukan shida nake naɗe masa in kai masa mota. Yakan sauke gilashi ya karɓa ya ce ya gode, ya sake ɗagawa saboda sanyi.