Mama Veronica da Karkataccen Bedi

Kafin kowa ya sauko fadamar Kurmin Kogi, Mama Veronica ta riga ta durƙusa a bakin bedin tumatir. Ba ganye take dubawa ba. Gindi take latsawa da ɗan yatsa, tsiro bayan tsiro, don a nan fumfuna ke kama jaririn tumatir ta kayar da shi. Shekara ashirin da biyu ke nan tana rainon dashe, wannan watan kuma za ta ajiye butar ban-ruwa.

Wanda bai ga shekarar da sojoji suka ce kowa ya tsuke bakin aljihu ba, ba zai gane jinjinar da muke yi mata ba. Maganin feshi ya ɓace a kasuwa. Ruwan ƙarshen damina ya ƙi ɗaukewa, ciwon ya cinye irin da mutane suka yayyafa har sau biyu. Gwangwanin iri ɗaya ya rage, a hannun Malam Uwaisu, shugaban manoman rani. In wannan ya ruɓe, babu noman rani a garin.

Ita aka damƙa wa. Maimakon ta shimfiɗa bedi sumul yadda aka saba, sai ta tara ƙasa ta gina shi a karkace, kamar rufin rumfa. Da tsiro ya fito kuma ta rage masa ruwa.

A rana ta tara da fitowar tsiro, ganye ya yi yaushi. Manoma suka kewaye ta, kowa rai a ɓace.

"Mama, irinmu na ƙarshe kike wasa da shi?" in ji Uwaisu, buta cike a hannunsa. "Matsa in ba shi ruwa."

Ta tsaya tsakaninsa da bedin. Ba ta matsa ba.

"Malam, komai ƙasa ke jan sa. In bedi ya kwanta, ruwa ya kwanta, ciwo ya samu wurin zama. In ya karkata, ruwa ya gangara. Ka ba ni kwana uku."

Washegari layin ƙasa, inda ruwa ke taruwa, ya zube gaba ɗaya. Ba wanda ya gaishe ta ranar, kuma ta ji zafin hakan. Amma ciwon bai hau sama ba. Rana ta uku Uwaisu ya durƙusa ya latsa gindi da kansa, ya ji shi da ƙwari. Ya ɗago ya ce, "Mama, ki yafe mini."

Daga bedin nan aka yi dashe har garin Furana.

Mama, ke ce uwar dashe. Ba ki shiga ajin kimiyya ba, ido kika sa. Mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa, ku koyi durƙusawa ku duba gindi kafin ku ɗauki buta.

Yau ƙasar da kika yi shekaru kina karanta halinta ta ja bayanki ya ranƙwafa. Amma duk tumatirin da ke tsaye a fadamar nan, da bayan nan naki ya miƙe.