Ƙarar Motar Baba

Da Baba ya rasu, ni aka bar wa tsohuwar motarsa, don yayyena duk sun ce ba su da wurin ajiye ta. Inna kuwa sharaɗi ɗaya ta kafa: kada a sayar. Idonta ya daɗe da tafiya, da kunne take gane mutane, kuma motar nan tun daga kwanar layinmu a Unguwar Gabas take shaida ta. Kowace Asabar idan na taso daga Samaru, kafin in kashe inji ta laluba ta iso bakin ƙofa. Na san ba ni kaɗai take tarowa ba.

Maigidana ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, irin mutanen da ba sa iya ganin abu yana zaman lafiya. Da fetur ya yi tsada, sai ya shigo da labarin itanol, wani mai da ake tatsa daga rake ko rogo. Wai wani abokinsa yana haɗawa, wai mota za ta sha ta gode. Sati uku yana yi mini lacca a kan tuwo. Na amince ne don in ci abinci cikin natsuwa.

Muka kai ta wurin wani tsohon makanike a bayan PZ, mutumin kudu da ya tsufa a Sabon Gari. Ya ce sai an canja duk robobin da mai ke bi, a gyara taimin inji, a kuma faɗaɗa 'yar ƙofar man da ke cikin kafireta.

"Madam, rami idan na buɗe shi, ba ya komawa fa," in ji shi. "Irin wannan kafireta kuma babu shi a kasuwa."

Maigida ya ce ci gaba ba ya komawa baya. Makanike ya dube ni. Ni kuma na dubi agogo, na ce a yi.

Mota ta tashi, ba ƙarya. Sai dai da safe ba ta motsi sai an ɗura mata cokali biyu na fetur a baki, kamar mai shan maganin tari. Wannan aikin ni ya faɗa wa, maigida kuwa yana tsaye yana bayani. Hayaƙinta ya koma wani ɗan ƙamshi mai zaƙi. Tsohuwar ƙarar nan mai kakari kuwa ta tafi, inji ya koma sumul. Maigida har kiran maƙwabta yake su zo su saurara.

Ranar Asabar na shiga layinmu, na tsaya, na kashe inji. Bakin ƙofa babu kowa. Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

"Wa ya kawo ki?"

"Motar Baba ce, Inna."

"Ke, ban haife ki don ki yi mini ƙarya ba. Kun sayar, ku faɗa mini."

Na rantse, ta ƙi. Sai na kama hannunta muka fita. Ta shafa murfin gaba, ta bi ƙofa har ta sami lotsawar da Baba ya yi a Basawa, ta shiga ta taɓa sitiyari. Ta ce in tayar. Na tayar. Ta daɗe tana saurare, kanta a karkace.

"Ita ce," ta ce. "Kashe."

Raina bai taɓa ɓaci da kaina irin na ranar ba. Litinin da sassafe ina wurin makanike. Ya mayar da taimin, muka zuba fetur, ta yi ta aman baƙin hayaƙi da wata ƙara da ni ma ban sani ba. Ya goge hannunsa, bai ce ai na faɗa miki ba, kuma na gode masa da hakan.

Shekara biyu Inna ta ƙara a duniya. Ban fasa zuwa ranar Asabar ba ko sau ɗaya, da motar nake zuwa. Sai na yi sallama take sanin na iso.