Muciyar Inna Hadiza a Kaskon Nasara

Jama'a, abin da zan ba ku ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma Allah shi ne shaidata. Shekarun baya ne, lokacin ina karatu a Lyon ta ƙasar Faransa, ina zaune a Bron da ke gefenta, kuma idan sanyi ya fara ja da baya nakan yi aiki wurin wani tsohon Bature a bayan gari. Mutumin ya daɗe a Kanada, can ya koyo tatsar ruwan wani itace da suke ce wa erabul, a dafa shi a dafa har ya yi kauri ya koma kamar zuma. A cikin wasu kasake na ƙarfe ake dafawa, masu faɗi, dogaye, tsawonsu ya fi gadon kwana, ni kuwa aikina wanke su, don sukarin yakan kama ya yi ƙanzo a can ƙurya inda hannu ba ya kai.

To ƙotar buroshin da nake wankin da shi ta karye, kuma kada ku ce abu ne mai sauƙi, wallahi na sha yawo. Ta ƙarfe tana karce kaskon, ta roba tana lanƙwashewa a ruwan zafi, ta katakon kanti kuwa ko fenti ko wani ƙamshi da tsohon ya ce zai shiga masa cikin kaya. Duk wadda na kawo sai ya shinshina ya girgiza kai, lokacin dafuwa kuma yana wucewa.

Ana cikin haka aka bugo mini cewa Inna Hadiza ta rasu a Paris. Inna ƴar Damagaram ce, ita ta sauke ni a gidanta a Clichy-sous-Bois da ke gefen Paris lokacin da na zo ƙasar ban san kowa ba, kuma duk suna da bikin ƴan Nijar na wajen ita ke tuƙa tuwonsa. Tana da wata muciya babba da ta zo da ita daga gida, tsawonta ya kai ƙirjina, ta yi baƙi ta yi santsi don tsufa. Ni da kunnena na taɓa jin ta ce, tana tuƙi ina riƙe mata tukunya, wai ta kakarta ce, kuma ɗiyarta Rakiya za ta bar wa.

Bayan an yi addu'ar uku ina taya Rakiya kwashe kayan kicin, sai ga muciyar a jingine bayan ƙofa. Astagfirullah, mutane na kuka a falo, ni kuwa ina auna ta da ido. Rakiya a Faransa aka haife ta, ba ta taɓa tuƙa tuwo ba, Tonton take kirana, wato kawu, da ta ga ina jujjuya ta sai ta ce, “Tonton, in kana so ɗauka mana, ni me zan yi da sandar ga?” Na buɗe baki zan gaya mata abin da na sani, sai na ji kaina ina cewa na gode.

Da na koma Lyon na sa zarto na yanke kan muciyar, wancan wuri mai kauri da ke shiga tuwo, na huda ta na kafa buroshin da ƙusa. Tsohon ya shinshina, ya ce yauwa, wannan itace ne na kirki.

Ranar farko da na sa ta a kasko, da hantsi ne, rana fes, ina turawa gaba ina jawowa baya yadda ake wanki, sai na ji ƙotar tana murɗewa a hannuna tana neman zagayawa. Na ce ko santsi ne, na goge hannu na sake kamawa, ta sake juyawa, kuma ba juyin banza ba, irin wanda mace ke yi idan tuwo ya fara kauri, a danna a ɗago a juya. Na yi bisimilla na ci gaba. Can sai tururin ruwan zafin ya bugo ni da ƙamshin tuwon gero, wallahi tallahi har da ɗan ƙaurin gindin tukunya. Da ni kaɗai na ji, da na ce kewa ce, amma tsohon ya leƙo yana tambaya wa ke dafa abinci a nan.

Haka muka yi ta yi. In na jiƙa kasko na jingine ta na fita shan iska, in na dawo sai in tarar da ruwan yana zagaye a hankali shi kaɗai, ba iska ba komai. Ranar da na kasa jurewa kuwa, na sunkuya ina kankare ƙurya sai na ji an ce a bayana, a hankali, ba faɗa, “Ɗan Malam, datti kake sa ta?” Ba mai kirana Ɗan Malam a duniya sai Inna. Na waiga, ba kowa sai tarin itacen wuta. Kai, na zauna a ƙasa ina ta salati.

A satin ne Rakiya ta kira ni, muryarta a sanyaye, ta ce ta haihu, tsofaffin mata sun zo shirin suna suna tambayar muciyar Inna, sun gaya mata tarihinta, tun daga lokacin take kuka. Na cire buroshin, na wanke ta da ruwan zafi har hannuna ya yi ja, na hau jirgin ƙasa da ita a naɗe cikin zane. Da ta warware ta ga guntun kai da ramin ƙusa, sai ta shafa wurin da yatsa.

Duk da haka matan suka ce a tuƙa da ita, albarkacin mai ita. Tuwon ya fito da zaƙi kamar an juye masa sukari, ba wanda ya iya haɗiye loma ta biyu. Aka ce ai itace ne ya sha zaƙi, zai fita. An kankare ta, an dafa ta, an shanya, shekaru sun wuce, kuma har yau duk abin da aka tuƙa da ita haka yake fitowa. Ban san dalili ba, ban kuma sami wanda ya sani ba. Yanzu tana rataye a bangon kicin ɗin Rakiya, ba a taɓa ta.

Abin da ya fi cina shi ne, duk lokacin da na je gaishe su sai Rakiya ta kalli bangon ta ce, “Laifina ne, Tonton, kai ai ba ka sani ba.” Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in yi shiru, kuma ina yin shirun sai ƙamshin tuwon gero ya taso, ko da ba a ɗora tukunya ba.

Don Allah, in kun je gidan rasuwa aka miƙo muku wani abu na mamaci, kuma kun san abin da mai miƙowar bai sani ba, ku faɗa masa tun hannunku bai karɓa ba. Ku sa Inna Hadiza a addu'a, ni ma ku sa ni, don har yanzu ban gaya wa Rakiya ba.