Yaƙin Gwaggo da Asu

Shekara talatin Gwaggona tana saƙa rigunan sanyi na jarirai, shekara talatin kuma tana yaƙi da asu, ɗan ƙwaron nan mai fiffike ruwan ƙasa da ke ɓarnar ulu. Makaminta silifa. Da ta hango ɗaya ya gifta, sai ta yar da kwarashi ta bi shi, fas! Ni kaina na sha silifar nan a ƙeya sau biyu, wai kuskure ne. Har yau ban yarda ba.

Ba don zarenta take wannan jidali ba. Kwat ɗin ulu na marigayi mijinta take karewa, wanda ya yi shekaru yana tuƙin jirgin ƙasa da shi. Tun rasuwarsa ta ninke shi cikin akwati ba wanki, don ƙamshin jikinsa na nan a wuyan.

Ranar da muka buɗe akwatin, sai ga huji-huji a wuya da hammata. Gwaggo ta zauna daɓas. Na ɗauki kwat ɗin, na ja ta wurin mai wanki da guga na bakin layi, mutum mai surutu kamar rediyo, na ba shi labarin yaƙinta da asu.

"Mama, ai waɗanda kike kashewa ba sa cin komai," in ji shi. "Ko bakin kirki ba su da shi. Ita uwar, ƙwai kawai take zubawa cikin duhu, ta mutu. Tsutsar da ke fitowa daga ƙwan ce mai ɓarnar. Wata da watanni tana ci, ta naɗe kanta, ta fito da fiffike. Kuma ba garin da babu su, cikin dilar gwanjo ma tafiya suke."

"To me ya kai su wuya?" in ji Gwaggo.

"Zufa suke bi. In ba a wanke shi ba, baɗi maɓallai za ki tarar."

Wallahi na so in make shi. Gaskiya ce, amma ai sai ya faɗe ta a hankali.

Gwaggo ta tambaya ko zai wanke ko'ina ya bar wuyan. Ya girgiza kai, ya ce nan ne ma ƙwan suka fi yawa.

Ta daɗe a tsaye, tausayinta ya cika ni. Can ta kai kwat ɗin hancinta, ta ja dogon numfashi, ta miƙa masa. Muka kamo hanya, a ƙofar gida na buɗe baki zan lallashe ta.

"Kada ki yi mini magana tukuna," ta ce. "Har yanzu ina jin ƙamshinsa."