Adireshin Mai Masauki

Alkasim Badamagare ne, ni kuwa Bakano, saboda haka tun da muka zama maƙwabta a wani tsohon bene a unguwar Highbridge, a Bronx ta ƙasar Amurka, shekara goma sha ɗaya ke nan, ban taɓa raga masa ba, shi ma bai raga mini ba. Amma ranar da ya ƙwanƙwasa ƙofata da leda cike da wasiƙu, ban tsokane shi ba. Ya zauna a bakin kujera, ya zazzage su a kan tebur.

"Rashidu, duba mini waɗannan," ya ce. "Wai za su tsayar da rajistar motata."

Motar nan ita ce gonarsa. Farar motar kaya ce, tsohuwa, ƙofar bayanta sai an ɗaure da igiya. Da ita yake bi gida-gida a Bronx da Harlem yana kwasar ganguna da kwalayen mutanenmu masu aika kaya gida, ya tsallaka gada ya kai su New Jersey inda ake loda kwantena. Shekararsa hamsin da shida. Bayansa ya gaji, gwiwarsa ta gaji, in yana hawo mana bene ina jin hutunsa biyu kafin ya iso hawa na biyar. Da motar ake ci a gidansa na Zinder, da ita 'yarsa ke karatun aikin jinya a Yamai. In aka tsayar da rajista, an tsayar da tukunya.

Na bi wasiƙun ɗaya bayan ɗaya. Katin bankin da ake cire masa kuɗin gada ya ƙare aiki, shi bai sani ba, ya ci gaba da wucewa. Aka aiko masa da sanarwa, shiru. Aka aiko da tara, shiru. Tara ta hau kan tara har ta ninka ainihin kuɗin gadar wajen sau uku. Sai na juya ambulan na ga adireshin, raina ya ɓaci.

"Yanzu kai har yau shagon Alhaji Hamidou ake kai maka wasiƙa?"

Ya sunkuyar da kai.

Alhaji Hamidou shi ne mai masaukinsa. Lokacin da Alkasim ya sauka a garin nan da jaka ɗaya da lambar waya a aljihu, Alhaji ne ya karɓe shi a shagonsa na atamfa da turare a titin 116 a Harlem. A bayan shagon ya kwana wata takwas. Alhaji ya ba shi teburin sayar da huluna da tabarau, ya tsaya masa ya sami lasisin tuƙi, kuma a duk takardar da ya cike, adireshin shagon ya rubuta. Ya tashi daga can ya yi unguwar Mount Hope, ya dawo Highbridge, amma adireshi bai motsa ba. Na sha yi masa magana. Kullum amsarsa ɗaya ce: wanda ya cire sunansa daga ƙofar mai masaukinsa, kamar ya ce ya gama da shi ne. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya biya, ya durƙusa ya gai da Alhaji, Alhaji ya jawo wani kwalin takalmi daga ƙarƙashin kanta ya tsamo masa wasiƙunsa, a sha shayi, a taɓa hirar gida. Shekara ashirin a haka.

Sai Alhaji ya rasu a farkon bazara. Aka ja ƙofar ƙarfe aka rufe shago, matarsa Hajiya Zeinabou ta shiga takaba, makulli yana wurinta. Mai kawo wasiƙu bai san an yi mutuwa ba, ya ci gaba da zura su ta ƙarƙashin ƙofa. Alkasim ya je gaisuwar uku, ya je ta bakwai, ya je ta arba'in. Duk zuwan da magana a bakinsa, duk dawowar da ita a cikinsa.

"Me zan ce mata?" ya tambaye ni. "Mace tana zaune a tabarma tana jan carbi, in ce Hajiya ba ni makulli in ɗauki takarduna? Wallahi ban iya."

Sai da ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, ta buɗe shago ta tarar da tulin wasiƙu, ta kira shi.

Na yi masa faɗa, ba zan ɓoye ba. Na ce wannan ba kunya ba ce, wauta ce irin ta Damagarawa. Na ce mutanen da suka aiko takardun nan ba su san takaba ba, kwana talatin suka sani. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "To na ji. Yanzu yaya za a yi?" Na bar faɗan, domin na san da ni ne, ni ma da ban iya tambayar makullin ba.

Na rubuta masa takardar ƙorafi muka aika. Bayan mako uku amsa ta zo, layi huɗu: rashin ɗaukar wasiƙa ba hujja ba ne. Muka buga waya, aka bar mu da kiɗa a kunne kusan sa'a guda, aka ce mu nemi zama gaban jami'i. Muka nema, aka sa mana rana. A tsakanin nan Alkasim ya rame. Kullum sai ya leƙa ta taga ya ga motar tana nan, kamar mai tsoron za a kwance masa akuya.

Ranar zaman muka bar aikinmu mu biyu, muka shiga jirgin ƙasa zuwa ƙasan Manhattan. Ofishin a hawa na tara yake, kujerun roba a jere, kowa da lamba a hannu da fuskar wanda bai karya kumallo ba. Tun tara na safe muke zaune har azahar ta wuce. Alkasim ya yi gyangyaɗi sau biyu da ledarsa a ƙirji. Yana jin Turanci daidai na aiki, amma ya ce maganar hukuma ba ya so ya yi ta da rabin baki, shi ya sa na zo tafinta.

Jami'ar wata dattijuwa ce mai tabarau, ita ma da gani ta gaji. Ba ta ɗago kai ba ta tambayi me ya hana shi amsa wasiƙu goma sha huɗu. Na yi bayani iyakar iyawata: mai masauki, mutuwa, rufe shago, zaman da mace ke yi bayan mijinta. Ta ce ai da sai ya roƙi makullin. Na juya masa maganar.

"Ce mata," in ji shi, "mutumin nan shi ya ba ni wurin kwana da ban da kowa. Ban iya shiga gidansa da buƙata alhali ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Laifina ne, na yarda. A bar mini motar kawai, in biya abin da na ci na gada."

Ya zaro takardar maƙabarta daga leda ya miƙa mata, don ta tabbatar an yi mutuwar. Ta duba kwanan watan, ta duba jerin ranakun da ke gabanta, ta sake dubawa. Ashe ranar farko da motar ta wuce ba biya, ranar jana'izar ce. A ranar ne ya cire kayan mutane daga bayan motar ya shimfiɗa tabarma, ya ɗauki masu rakiya zuwa maƙabartar Musulmi a New Jersey. Ni ma ina cikinsu.

Ta cire tabarau ta murza idonta. Ta ce za ta yafe mafi yawan tarar, ya biya kuɗin gadar da ɗan abin da ya rage, rajista kuma ba za a taɓa ba. Amma da sharaɗi: a nan, yanzu, ya cike takardar sauya adireshi zuwa inda yake kwana, don kada a sake haka. Ta turo masa takarda da biro.

Na yi hamdala a fili. Shi kuwa ya riƙe biron ya ƙura wa takardar ido. Akwai layi biyu, na sama tsohon adireshi, na ƙasa sabo. Ya rubuta na sama da sauri, hannunsa ya san shi. A na ƙasa ya tsaya har jami'ar ta dubi agogo.

"Alkasim," na ce a hankali, "tukunyar Zinder."

Ya rubuta. Lambar gidanmu ma sai da na tuna masa. A jirgi muna dawowa na yi ƙoƙarin tsokanarsa, na ce yau Bakano ya ceci Badamagare, ya kamata a rubuta a tarihi. Bai ko murmusa ba. Tausayinsa ya kama ni, na bar tsokanar.

Juma'a biyu bai je titin 116 ba. Ya ce mini ba shi da abin da zai je ɗauka, kuma namiji ba ya zuwa ya tsaya wa matar maigidansa a shago haka siddan. A ta uku na ja shi da ƙarfi, na ce turare zan saya. Hajiya Zeinabou tana bayan kanta, a kujerar Alhaji. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, ta tambayi mutanen gida da mota.

"Kwana biyu ba ka zo ba," ta ce. "Ga saƙonka nan yana jiranka."

Ta sunkuya ta jawo kwalin takalmin. Abin da ta tsamo takardun talla ne guda uku, na masu sayar da taya da na wani kantin katifa, irin waɗanda ake zubarwa ba a buɗe ba, amma da sunansa a kai da adireshin shagon. Ta ɗaure su da roba kamar yadda Alhaji ke yi. Ta san ya sauya adireshi, domin ni da bakina na gaya mata.

Alkasim ya karɓa da hannu biyu, ya ninke su a hankali ya sa a aljihun ƙirji.

"Na gode, Hajiya," ya ce. "Sai Juma'a."